Robar ƙafar mota ta mutu: sabuwa za ka saya, ta Beljiyam, ko yanka za a yi maka?

Satin da ya wuce ƙanena ya kira ni bayan sallar Juma'a, ya ce Yaya motar nan fa ta dame ni, ko ɗan rami na faɗa sai in ji gaf-gaf daga gaba ɓangaren direba, in zan yi kwana a tsaye kuma sai sitiyari ya riƙa wani ƙara kamar ana murɗa busasshen ƙarfe, na kai gareji an ce shokozoba ce in kawo kuɗi. Corolla ce gare shi ƙirar 2005, irin wadda ta cika garin Gusau. Na ce masa kada ka sayi komai tukun, kawo ta gobe da safe mu tafi wurin bakanikena tare. Da anka ɗaga motar anka kwance, shokozoba lafiyarta lau, ko ɗigon mai babu a jikinta, robar da ke zaune a samanta ce ta mutu, wadda kanikawa ke ce ma mauntin, wasu su ce shokfad. Bushin ɗin baya na lowa'am, wato robar da ke jikin ƙarfen da ke riƙe tayar gaba daga ƙasa, shi ma ya tsage gida biyu. Nan take masu kaya sunka fara kawo nasu, wanga ya ce Beljiyam ce ba a taɓa ta ba, wancan ya ce sabuwa dal a kwali, wani yaro kuma ya ce Alhaji a ba shi awa ɗaya ya yanko daga taya. Ƙanena ya tsaya yana kallona.

Ni kuma duk ukun na gwada su da kuɗina, shekara da shekaru ina jan Golf 3 tsakanin Gusau da Talata Mafara saboda aiki, ta Bungudu da Maru, sau biyu ko uku a sati, to abin da na faɗa masa a garejin shi zan faɗa a nan.

Da farko ka san mi abin yake yi. Ƙananan motocin nan namu, Corolla, Golf, Vibe, Peugeot 206, a gaba shokozoba da sifirin a haɗe suke wuri guda, ƙasansu na kama da ƙafar taya, samansu kuma ya shige cikin jikin mota daidai inda in ka buɗe bonet za ka ga wani ɗan tudu hagu da dama. To tsakanin ƙarfen shokozoba da ƙarfen jikin mota akwai roba mai kauri da anka narka ta ta kama ƙarfe, ga kuma boris a wurin. Robar ita ke shanye dukan hanya kafin ya iso gare ka, boris ɗin kuma shi ke sa duk shokozobar ta juya in ka murza sitiyari. Nauyin gaban mota kaf, har da inji, a kan waɗannan robobi biyu yake zaune dare da rana ko motar na fake. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga mutum ya sa kuɗi mai yawa ya sayi shokozoba mai kyau sannan ya ce a mayar masa da tsohon mauntin. Sauran robobin su ne bushin na lowa'am, da ƙananan robobin sitabilaiza, sandar da ke rage kwanciyar mota gefe a kwana, a baya kuma Golf 3 da wagga Corolla duk ƙarfe guda ne ya ratsa daga taya zuwa taya, da manyan bushin biyu da ke riƙe da shi.

Kuma ƙasarmu ba ta raga ma roba. A watan Maris da Afrilu zafi na wuce digiri 40, mota na fake a rana daga safe har la'asar, ga zafin inji daga ciki, hunturu ya zo ya busar da komai, damina ta zo ta haƙa ramuka ta cika su da ruwa ba ka san zurfinsu ba sai ka faɗa. Ga lodi, mota mai ɗaukar mutum biyar a sa mata bakwai da buhun masara a but. Sai baƙin mai, wanda mutane ba su kula da shi, in inji na ɗigar da mai ko man sitiyari na zuba kan bushin, robar kumbura take yi ta yi laushi ta ruɓe. In ba ka tsayar da ɗigon ba ko wacce iri ka saya asara ce.

Kafin a zo maganar saye, tabbatar abin da ya mutu shi ne ya mutu. Ƙarar ƙafa tana da ruɗi, linkej, ɗan ƙaramin ƙarfen nan da ke haɗe da sitabilaiza, in ya saki yana ƙara kusan iri ɗaya da mauntin, bol-joyin ma haka, tayarod ma haka. Abin da nake yi, in buɗe bonet mota na ƙasa, in ɗora tafin hannu kan tudun nan, wani ya riƙa murza sitiyari hagu da dama. In boris ya mutu za ka ji shi a hannunka yana ƙas-ƙas, wani lokaci ka ji sifirin ya ɗaure sannan ya saki da ƙara. Ka danna gaban motar da ƙarfi ka saki kana kallon notin tsakiya, in yana tsalle sama da ƙasa roba ta rabu da ƙarfe. A Golf 3 ma abin ya fi sauƙin gani, akwai wani faranti a saman, yadda robar ke lotsewa haka farantin ke ƙara ɗagowa sama ya bar jikin mota, in ka ga giɓin ya yi yawa ko ɓangare ɗaya ya fi ɗaya to ta zauna. Shi kuma bushin ɗin lowa'am sai an ɗaga mota an sa ƙarfe an ɗan banƙara, ka duƙa da kanka ka gani da fitilar waya, ƙananan tsagu a fuskar roba ba komai ba ne, amma tsagar da ta ratsa ko robar da ta bar jikin ƙarfe ta gama aiki. Alamarsa a hanya, in ka taka birki motar ta ja gefe ko ka ji ƙum sau ɗaya, taya kuma ta riƙa cinyewa ta ciki.

To mu fara da Beljiyam tunda ita ce mutanenmu sunka fi yarda da ita, kuma ban ga laifinsu ba. An sha cutar mu da jabun kaya a kwali, har ya zama in ka ce ma mutum sabo sai ya ji tsoro, in ka ce Beljiyam sai hankalinsa ya kwanta, don ya san wanga kaya da shi kamfani ya haɗa motar tun farko. A kan inji, giya, kikstata, ƙofa, har da shi kansa ƙarfen lowa'am da sifirin, ni ma Beljiyam nake saye kuma ita nake ba kowa shawara. Amma roba daban take da ƙarfe, ita shekaru ke cin ta ko ba a hau ta ba. Ka lissafa da kanka, Golf 3 a 1991 ta fara fitowa, kafin 2000 an daina yin ta, wato mauntin ɗin da anka ciro daga jikinta in na asali ne ya haura shekara 25. Wagga Corolla ta ƙanena samfurin 2003 zuwa 2008 ce, mafi ƙuruciyar robar da ta zo da ita ta wuce shekara 15. Ta yi aikinta a can cikin sanyi da gishirin da suke zubawa a titi saboda ƙanƙara, an yanka motar, kayan sun zauna a kwantena, sun sauka Legas sun kwana a Ladipo, sun hau mota zuwa Kano ko Kaduna, sun zo sun zauna a shago cikin zafin Gusau. A ido tana da kyau don an wanke ta an shafe ta da mai tana ƙyalli. Na taɓa sa irinta a Golf ɗina, sati na farko kamar sabuwar mota, kafin damina ta fita gaf-gaf ta dawo, da munka kwance robar ta farfashe kamar busasshiyar ƙasa. Wata huɗu ta yi.

Kuma akwai abin da ya fi wanga muni, ba duk abin da ake kira Beljiyam ba ne ya tsallako ruwa. Wani daga jikin motar da ta yi hatsari a nan gida anka ciro shi, wani ma wanda wani ya canza ya yar ne anka tsince anka wanke anka fesa baƙin fenti. In dole sai Beljiyam za ka saya, saboda motarka ba a samun sabon nata ko aljihu bai kai ba, to ka riƙe ta a hannu ka sa babban yatsa ka danna, mai rai tana ɗan lotsawa ta dawo, matacciya tauri gare ta kamar katako. Ka lanƙwasa ta a haske ka duba tsaga a inda roba ta haɗu da ƙarfe. Ka juya boris da yatsa, ya tafi sumul ba yashi-yashi ba. Ka goge ta da tsumma, in baƙin fenti ko mai ya biyo tsumman ka ajiye masa abinsa. Sannan ku yi magana da mai shago a gaban bakanike cewa in ta yi ƙara cikin kwanaki kaza za ka dawo da ita. Inda Beljiyam ke da riba sosai shi ne in ka samu shokozoba sukutum da sifirin da mauntin a haɗe kuma ka dace mai motar can bai daɗe da canza su ba, ana samun haka, za ka gane daga tsabtar ƙarfen da tambarin kamfanin da ke jiki, sai dai sa'a ce ba a dogara da ita.

Sabuwa kuma kashi biyu ce, kuma a nan mutane ke ruɗewa su yi masu kuɗin goro. Akwai mai arhar nan da ba ta da suna, ko kuma an buga mata sunan Toyota a kwali alhali Toyota ba ta san da ita ba. Robarta tana da wani wari mai hawa kai, tana ƙyalli kamar leda, ƙarfen ba nauyi, boris ɗin ciki kusan ba giris. Ita wannan ba na ma sa ta a lissafi a kan mauntin, na ga wadda ta zauna cikin sati shida a motar wani abokin aikina. Ba wai don daga Chana take ba, a Chana ana yin mai kyau ana yin na banza, ɗan kasuwa ne ke zaɓen wanda zai ɗauko gwargwadon abin da ya ga za mu iya biya, kuma tun da anka cire tallafin mai a 2023 naira ta faɗi, kuɗin kayan mota ya tashi, masu arhar sunka ƙara cika kasuwa.

Kashi na biyu ita ce sabuwa ta kamfanin da aikinsa ke nan. A motocin Japan akwai KYB, kamfanin Japan ne da ke yi ma masu ƙera motoci shokozoba kuma yana yin mauntin, akwai RBI ta Tailan da ta shahara a kan bushin da robobi, a bol-joyin da tayarod kuma akwai 555. A Golf da sauran motocin Jamus akwai Lemförder da Sachs da Febi da Meyle, ga kuma Monroe. Wannan ita ce zaɓina a kan duk wani abu da roba ce ke aikin, musamman mauntin na gaba da babban bushin na lowa'am. Ta fi Beljiyam tsada, wani lokaci nesa ba kusa ba, kuma ba kullum ake samunta a Gusau ba, sau da yawa sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna an sako ta a motar haya ka jira kwana ɗaya ko biyu. Matsalarta guda, su ma waɗannan sunaye ana buga jabunsu, har kwalin. Maganin da na sani shi ne mutum, ka samu mai shago ɗaya da zai kalli idonka ya ce Malam wagga ta gaske ce wagga kuma ba ita ba ce, ka riƙe shi. In kuɗin da anka faɗa maka ya yi ƙasa da rabin abin da ake sayar da ita a wasu wurare kada ka yi murna. Ka duba rubutun da ke jikin robar kanta, na gaske a fili yake da lambar kaya, na jabu a dagule. Wadda na sa ma Golf ɗina bayan wahalar Beljiyam ta yi shekara uku da wani abu, har na sayar da motar ba ta yi ƙara ba, kuma hanya ɗaya ce, lodi ɗaya.

Ga lissafin da mutane ba su yi. Kuɗin mauntin ba shi kaɗai ba ne kuɗin aikin. Duk lokacin da za a canza sai an kwance taya, an sauke shokozoba, an matse sifirin, an mayar, an je an yi alaimen, ka biya bakanike ka biya mai alaimen ka kashe yini guda. In mai arha ta sa ka yi haka sau uku a shekara, ka haɗa kuɗin ka gani ko bai wuce na mai kyau sau ɗaya ba, ban da tayar da za ta cinye a tsakani, kuma kowa ya san kuɗin taya yanzu. Sannan mu nan akwai abin da ya fi kuɗi. Wanda ke bin hanyar Tsafe zuwa Funtua ko ta Ƙaura ya san ba wurin da mutum zai so ya tsaya yana leƙen ƙarƙashin mota ba ne, ballantana da yamma, kuma ba wurin da za ka so kana tafiya a hankali don ƙafa na rawa ba ne. Ni wanga dalili kaɗai ya ishe ni.

Sai yanka. Masu yankan roba gwanaye ne wallahi, mutum ya ɗauki tsohuwar tayar babbar mota da wuƙa ya fitar maka da bushin daidai ramin, kuma sun ceci mutane da yawa a inda ba shago. A robar sitabilaiza, wadda aikinta kawai ta rungume sandar ƙarfe, na yarda da yanka ɗari bisa ɗari, tana ma iya fin ta kwali daɗewa. A lowa'am kuma sai dai ta kai ka gida. Dalili, bushin na kamfani ba cusa roba anka yi a rami ba, an narka ta ta kama ƙarfen ciki da na waje, in ƙafa ta yi sama da ƙasa robar murɗewa take yi ta dawo, kuma an bar mata wasu ramuka da gangan don ta yi laushi ta wani ɓangare ta yi tauri ta wani. Ta yanka ba ta kama komai ba, ƙarfe na juyawa a cikinta yana cin ta, ga tauri, duk dukan hanya sai ya wuce kai tsaye zuwa bol-joyin da jikin mota, za ka ji motar ta koma kamar amalanke. A mauntin na sama kuwa kada ka bari ko da kyauta ne. Na ga inda anka cusa yankakkiyar roba anka ɗaure, sitiyari ya yi nauyi ya daina dawowa da kansa bayan kwana, wannan hatsari ne ba gyara ba.

Akwai wasu masu launin ja ko rawaya da ake kira foli, ba roba ba ce sosai, suna daɗewa kuma mai bai cika cin su ba, amma tauri gare su kuma suna ƙara in ba a sa masu irin nasu giris ba. Don masu tsere anka fi yin su, a ramukanmu ba abin da za su ƙara maka sai ciwon baya.

Wata tambaya da ke tasowa, a canza bushin kaɗai ko lowa'am gaba ɗaya? In ƙarfen naka na asali ne bai lanƙwashe ba bai yi tsatsa ba, ka riƙe abinka ka sa masa sabon bushin mai kyau, ya fi sabon lowa'am mai arha wanda ƙarfensa bai kai naka ba. In ya lanƙwashe, ka sayi na Beljiyam don ƙarfen, ka cire tsohuwar robar ka sa sabuwa. Sai dai a kai wurin mai injin matsewa, ba a yi ta dukansa da guduma ba har bakin ya buɗe, kuma a lura da yadda tsohon ya fuskanta kafin a cire don ramukan nan suna da inda suke kallo. In za a sa wani abu don ya shige, ruwan sabulu ne ba baƙin mai ba.

Ɗauri kansa rabin aikin ne, kuma a nan ne kaya mai kyau ke mutuwa a banza a ɗora ma mai shago laifi. Notin bushin ba a ƙarasa ɗaure shi mota na rataye a jak. A ɗan kama shi, a sauke motar ta zauna da nauyinta, sannan a ɗaure tam. In an ɗaure tana sama, da an sauke ta robar ta riga ta murɗe kuma haka za ta zauna har ta yage, wata biyu uku an gama. Ka tsaya a wurin ka ce Oga don Allah a sauke ta tukun, bakanike na ƙwarai ba zai ji haushi ba. A canza hagu da dama tare, don in ɗaya ta mutu ɗayar na hanya, kuma sabuwa da tsohuwa ba su zama tsayi ɗaya. Sifirin kuma a sa abin matse shi kafin a taɓa notin tsakiya, ƙarfin da ke cikinsa na iya karya hannu ko muƙamuƙi, ina ganin yara a gareji suna taka shi da ƙafa su kwance, raina ba ya so. Tunda an riga an buɗe, a duba robar da ke rufe sandar shokozoba daga ƙura da ɗan guntun da ke tare ta in ta kai ƙarshe, kuɗinsu kaɗan ne. Masu yin shokozoba irin su KYB da Monroe suna cewa a duba ta in ta yi kilomita 80,000, a hanyoyinmu ni duk ƙarshen damina nake sa a ɗaga mota a duba. Daga nan sai alaimen, ranar, ba sati mai zuwa ba.

Wanda motarsa ba ta fita gari, daga gida sai ofis sai kai yara makaranta a Tudun Wada ko Samaru, kuma kuɗi sun yi wuya, Beljiyam da anka zaɓa da kyau za ta iya riƙe shi wani lokaci. Wanda zai sayar da motar kwanan nan ma haka, amma ya faɗa ma mai saye gaskiya. Ɗan haya da duk mai hawa babbar hanya da iyali, ya daure ya sayi sabuwa mai suna, in kuɗin ba su kai duka ba ya fara da mauntin biyu na gaba wanga wata, bushin wata mai zuwa.

Ƙanena haka ya yi. Munka aika Kano anka sako mauntin biyu na KYB ranar Litinin, lowa'am ɗinsa na asali ne munka bar shi anka matsa masa sababbin bushin, robar sitabilaiza kuma yaron nan mai yanka ya yi masa ita. Shokozobar da anka ce ya saya tana nan a jikin motar, ita ce dai ta da. Jiya ya je Ƙaura ya dawo, ya kira ni ya ce Yaya shiru kake ji, sai dai yanzu ya gano akwai wani ɗan ƙara a baya da na gaba ya rufe, mun yi da shi Asabar zai kawo ta a duba manyan bushin ɗin can.